Rigar sanyi kayan aiki ce, ba sadaka ba



Idan ana maganar Nijar, zafi ne ke fara zuwa a zuciyar kowa. Shi ya sa ba a cika sanya sanyi cikin jerin haɗurran aiki ba. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, ma'aikacin dare ya san abin da mai barci cikin bargo bai sani ba. A Agadas da Arlit ma'aunin zafi yakan sauka kusa da digiri 10 kafin asuba, wani lokaci ƙasa da haka, a Bilma kuwa an taɓa auna ƙasa da sifiri.

Su wane ne ke waje a wannan sa'a? Masu haƙar uraniyom a buɗaɗɗun ramukan Arlit, inda ake aikin tun 1971. Masu haƙar gawayi a Anu Araran, kusa da Cirozerin, wanda da shi ake samar da wutar lantarkin arewa. Ma'aikatan siminti a Malbaza, da na matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011. Sai leburori da masu gadi na ƙananan masana'antu a Maraɗi, Tawa da Yamai, waɗanda babu mai ƙidaya su. Inji ba ya barci, saboda haka mai kula da shi ma ba ya barci.

Jikin ɗan Adam yana aiki ne a kan digiri 37. In ya sauka ƙasa da 35, hankali yakan fara gushewa. Amma tun kafin a kai nan ɓarna ke farawa: yatsu su sandare, riƙo ya yi rauni, ido ya yi nauyi. Iska tana kwashe ɗumin jiki, rigar da gumi ya jiƙa kuma tana ƙara gaggauta hakan. Hannun da ba ya jin abin da ya riƙe, shi ne inji ke kamawa.

Ma'aikacin da ba a ba kayan sanyi ba, dole ya nemi dabara, dabarar kuma sau da yawa ta fi sanyin haɗari. Wani ya yafa bargo ko ya saki jelar rawani kusa da bel mai juyawa. Wani ya hura wuta kusa da man fetur. Mai gadi ya shigar da gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga, alhali gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barcinsa. Wani kuma ya sha barasa yana zaton tana ɗumama shi, alhali zubar da ɗumin jiki take yi.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Tufafi biyu ko uku masu kama jiki sun fi guda ɗaya mai kauri: na ciki ya tsotse gumi, na tsakiya ya riƙe ɗumi, na waje ya tare iska. A haɗa da safar hannu, da safar ƙafa busasshiya, da hular da ke shiga ƙarƙashin hular kwano. A tanadi ɗakin hutu mai ɗumi wanda iska ke shiga, da shayi ko kunu mai zafi a tsakar dare, a kuma riƙa sauya mutane a wuraren da iska ta fi kaɗawa.

Wa zai biya? Doka ta riga ta amsa. Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare rayuwarsu da lafiyarsu. Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 2009, ta wajabta masa ba da tufafin kariya inda ake bukata, ta kuma hana a cire ko dala daga aljihun ma'aikaci saboda matakan tsaro. Wanda ya tura leburansa kasuwar gwanjo da albashinsa, ya sauke nauyinsa a kan wanda ya fi shi rauni.

Ku ƴan kasuwa masu injuna da shaguna, ku yi lissafi: kuɗin riguna goma ba su kai kuɗin gidan likita na hannu ɗaya da ya guntule ba, balle kwanakin da aiki zai tsaya. Ku ma'aikatan gwamnati, musamman masu binciken wuraren aiki, ziyarar ƙarfe goma na safe ba ta nuna kome. A je da ƙarfe huɗu na asuba a ga gaskiya. Su kuwa sandika, da suka tsaya tsayin daka har aka yi Taron Ƙasa a 1991, bai kamata su raina maganar riga ba don tana ƙarama. A sanya ta cikin takardar bukatu tun watan Oktoba, kafin hunturu ya shigo.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kare ma'aikata, ya mayar da kowa gidansa lafiya.