Amsoshin Wasiƙunku: Shan Giya a Bainar Jama'a

Wasiƙu biyu ne a gabanmu yau, kuma duk maganarsu ɗaya.

Ta farko daga Tsafe take, daga wani mai fataucin hatsi zuwa Kudu. Ya ce can yana ganin mutane zaune a bakin titi da kwalabe, ba mai ce musu kanzil. Shi ne yake tambaya, shin ba ƙasa ɗaya muke ba, yaya doka ta zama biyu?

To Malam, ƙasa ɗaya ce, amma maganar sayar da giya kowace jiha da dokarta. Kuma bambancin ya girmi ni da kai. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasal na Beljiyam, cewa ba za a kai barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da Turawa suka ci Arewa, sai suka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai, alhali a Kudu harajinta na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. A 1960 kuma, zamanin Sardauna, kundin Final Kod ya fara aiki. A cikinsa buguwa a bainar jama'a laifi ne, shan giya ga Musulmi ma laifi ne.

Mu zo gida. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996. Ran 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki ran 27 ga Janairu, 2000. Aka rufe mashaya, aka hana sayarwa. Musulmin da aka tabbatar wa laifin sha, bulala 80 ce haddinsa. Wanda ba Musulmi ba, ba a yi masa haddi, amma hanin sayarwa ya shafi kowa.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, kuma ko bayan janye dokar, yawancin garuruwanta sun hana sha a kan titi. A Jamus kuwa galibi an yarda. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Wasiƙa ta biyu daga wani direba ce a Bunguɗu. Ya ce an yi masa tayin kuɗi masu kauri ya ɓoye katan-katan ƙarƙashin buhunan masara ya shigo da su Gusau, shi kuwa ko ɗanɗanawa ba ya yi.

Ɗan'uwa, in 'yan Hisba ko 'yan sanda suka sauke buhunan nan, wa za su tarar? Kai. Mai kayan yana can gida ya kashe wayarsa. Za a fasa kwalabe, a tsare mota, ga zaman kotu, ga masarar manoman da suka ba ka amana tana jibge. Lissafa kwanakin da motar za ta yi ba ta aiki, ka ɗora a kan kuɗin da aka yi maka alkawari, ka ga wanda ya rinjaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. A addini ma, mai ɗauka da mai sayarwa ba su kuɓuta ba.

Ku kuma manoma da 'yan kasuwa, kafin ku ɗora kaya ko ku hau mota, ku dubi idon direba, ku ji warin bakinsa. Tuƙi cikin maye laifi ne a ko'ina a Nijeriya, Kudu da Arewa. Gara ka makara kasuwa da a kai ka asibiti.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.