Abin da ke Cikin Jakar Matafiyi



An ce in yi magana kan lafiyar mai fita ƙasar waje, ko Umara ce, ko yawon buɗe ido a Dubai ko Masar. Abin da na lura shi ne, yawancin wahalar da ke samun mutanenmu a can, daga gida suke ƙunso ta a jaka.

Mu ɗauki magani. A nan, mutum ya tsaya a kemis ya sayi tramadol don ciwon baya, ba mai ce masa uffan. A Saudiyya da Daular Larabawa da Masar kuwa, ƙwaya ce da doka ta sa wa ido sosai, haka ma kodin. A 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin tramadol kusan 300, waɗanda ta ce na ciwon bayan saurayinta ne. Fasfo ɗin Ingila bai fisshe ta ba, balle namu. Saboda haka mai hawan jini ko ciwon suga ya bar maganinsa cikin kwalinsa na asali, ya haɗa da takardar likita mai sunansa, ya riƙe a jakar hannu. Kada a juye ƙwayoyi a ƙullin leda don rage kaya. Goro ma, Alhaji, a haƙura da shi. Saudiyya ta hana.

Sai batun saƙo, wanda ya fi damuna, domin kunya ce ke kai mu. Wani ya tare ka a filin jirgi: "Baba, don Allah ga ɗan saƙo, ƙanena zai karɓa a Jidda." Ka ji nauyin cewa a'a. To, ce a'a. Mu tuna wata ɗaliba da ta tashi daga Kano a Disamba 2018, aka liƙa sunanta a jakar da ba ta taɓa gani ba, ta shafe wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta bayyana. Ƙirga jakunkunanka a gaban ma'aikaci, ka duba adadin da aka rubuta, ka ɗauki hoton lambobin da waya.

Rigakafi ba sai na tsawaita ba. Allurar shawara sai ta kwana goma kafin katin shaidarta ya fara aiki, kuma tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Ta sanƙarau dole ce ga mai Hajji da Umara. Wanda ya sayi kati ba a yi masa allura ba, jikinsa ya cuta, ba jami'in da ke duba takarda ba.

Na ƙarshe, zafi. Mukan ce mun saba da rana, ai mu 'yan Arewa ne. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka shiga ba izini, ba tanti, ba motar ɗauka. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, don haka kada a jira ya nemi ruwa. A riƙe laima, a ɗage ɗawafin nafila zuwa dare. In kuka ga abokin tafiya ya fara sambatu, jikinsa zau, ku ja shi inuwa, ku kwarara masa ruwa, ku kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya.