Sawun Bayanan Bincike

A Janairun 2020 masanin ƙasar Sin Zhang Yongzhen da abokan aikinsa suka fitar da tsarin ƙwayoyin halittar cutar korona, aka adana shi a rumbun GenBank da lamba MN908947. Duk maƙalar da ta rubuta wannan lamba, kwamfuta za ta iya gano ta, ta ƙirga. Haka ake bin sawun wanda ya ɗebi bayanan wani. Ƙungiyar DataCite, wadda aka kafa a 2009, ita ma lambar DOI take liƙa wa irin waɗannan bayanai. Sai dai masu bincike da yawa sukan ci moriyar bayanai ba su ambaci lambar ba, mai wahalar tattarawa ya tashi a tutar babu. A ganina editocin mujallu ne ke da laifi, don su ke karɓar maƙalar a haka.