Rumbun Takardu a Gidan Manomi



Mu da muka fito daga ƙasar Ungogo mun san yadda birnin Kano yake ta cin gonakinmu. Daga Rijiyar Zaki zuwa Bachirawa, inda jiya gero ya yi, yau fuloti ne da bulo. Gonar da darajarta ta tashi kuwa, rigimarta ma takan tashi, kuma in dattawan da suka shaida ciniki suka kwanta dama, takarda ce ke saura. To, ina takardun? Na ciniki da na rabon gado suna cikin adaka, gara tana yi musu hidima. Hotunansu kuma suna cikin wayar ɗan bokon gida, watau mu, wayar da ɓarawo kan fizge a tasha.

Akwai wata na'ura da Turawa ke kira NAS, mu kuwa rumbu za mu ce da ita. Ɗan akwati ne mai faifan ajiya a ciki, a kan haɗa shi da na'urar da ke raba intanet a gida, sai kowace waya da kwamfuta ta zuba kayanta a ciki ta iska, ko da babu data. Kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan sun yi suna wajen ƙera shi.

Wanda zai saya, a ganinmu, ya fara da tambayar wuta kafin ya tambayi girma. Akwati mai faifai biyu galibi ba ya shan fiye da wat 30, amma ɗaukewar wuta yana tsakar rubutu kan lalata abin da yake rubutawa. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Saboda haka lalle ne a ƙidaya kuɗin batir ko ƙaramin sola cikin kuɗin akwatin. A kuma ɗaga shi daga ƙasa, kamar yadda ake ɗora rumbu bisa duwatsu, a nesanta shi da ƙurar hunturu da zafin bazara. Tsohon faifai na gwanjo kuwa, araha ba ta ado.

Masu sayarwa za su ce faifai biyu suna kwafar juna, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Gaskiya ne, sai dai masu terabait 4 guda biyu, 4 kaɗai za su ba mu. Kuma abin da yaro ya goge a wannan ya gogu a wancan nan take, gobara ma ba ta zaɓen ɗaya ta bar ɗaya. Akwai kuma ɓarayin nesa. A Yunin 2021 masu akwatin My Book Live na kamfanin Western Digital suka wayi gari an share musu kome ta intanet. A Janairun 2022 kuma aka kulle wa masu QNAP kayansu, aka ce sai sun biya fansa. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, don haka kada mu buɗe wa akwatin ƙofa zuwa waje sai da dalili, mu kuma sa masa kalmar sirri mai wuyar cinta.

Manomin kirki ba ya zuba irinsa cikin hatsin ci. Haka nan a sami faifai na uku, a kwafe kome a kansa sau ɗaya a wata, a kai shi gidan kawu a Fanisau ko gidan gwaggo a cikin birni. Takardun asali kuma a naɗe su a leda, a fitar da su daga adakar nan ta katako zuwa ta ƙarfe, domin su alƙali zai fara nema.