Ta Leƙo Ta Koma: Makomar Masu Takardar Ɗaukar Aiki Idan An Sa Takunkumi



Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu malamai da suka yi ritaya, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata daga Jega da Aliero da Maiyama, da iyalanmu da suka zo taya mu zama, muna yi muku barka da zuwa. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

An ba mu 'yan mintuna mu yi magana a kan wasu bayin Allah da ba su da kujera a wannan zaure, domin ba su riga sun zama 'yan ƙungiya ba. Su ne waɗanda gwamnati ta ba takardar ɗaukar aiki, amma kafin sunansu ya shiga jerin masu albashi sai aka sa takunkumin ɗaukar ma'aikata. Ba a kore su ba, ba a kuma ɗauke su ba. Da yawansu mu muka koya musu baƙi da wasali.

Bari mu fara da abin da ya faru a idon kowa. A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta karya farashin ɗanyen mai, ministar kuɗi ta wancan lokaci, Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, ta sanar da cewa za a zaftare kimanin naira tiriliyan 1.5 daga kasafin shekarar, kuma farashin gangar mai da aka gina kasafin a kansa ya sauko daga dala 57 zuwa dala 30. Cikin matakan da aka ɗauka har da dakatar da ɗaukar ma'aikata a gwamnatin tarayya, in ban da fannoni irin su tsaro da lafiya. Ba mu ce babu dalili ba. Magidancin da rumbunsa ya yi ƙasa dole ya rage awo. Tambayarmu ita ce: ina aka ajiye wanda aka riga aka ce wa ya zo da ƙwaryarsa?

Domin a fahimci inda ramin yake, sai a tuna matakan shiga aikin gwamnati. Akwai talla, da jarrabawa, da intabiyu, sannan takardar ɗauka. Jama'a a gida suna ɗauka cewa da takarda ta zo magana ta ƙare, har a yi walima. Alhali da sauran tafiya: gwajin lafiya, tantance takardu, buɗe fayil, sannan shigar da suna cikin tsarin biyan albashi, wanda a tarayya ake kira IPPIS. Mu kuma malaman firamare, namu yana bi ta hukumar SUBEB da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Tsakanin takarda da albashin farko akan yi watanni. A wannan tsakanin ne takunkumi yake kama mutum, kamar wanda ya bar gaɓar gulbi, bai kai ɗaya gaɓar ba, aka ce masu jirgi su daina tuƙi.

Muna da wani tsohon ɗalibinmu, ɗan wani ƙauye a ƙasar Aliero. Ya yi NCE, ya ƙara digiri, yana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a nan Jega. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma yana zuwa. A farkon 2020 wata hukumar tarayya ta ba shi takarda, aka ce ya jira kiran tantancewa. Da yake yaro ne mai mutunci, sai ya sanar da mai makarantar da wuri domin a nemi madadinsa. Mahaifinsa ya fitar da albasar da ya ajiye yana jiran ta yi daraja, ya sayar da araha, aka yi kuɗin mota da na masauki. Iyayen yarinyar da yake nema suka sa rana. Sai takunkumi ya sauka.

Sau nawa ya bi hanyar Maiyama zuwa Yawuri, ya wuce Kwantagora har Abuja, mu kanmu mun daina ƙirgawa. Amsar ba ta canza ba: a dakata, ana jiran izini daga sama. Babu wanda ya taɓa rubuta masa cewa an soke takardar, don haka ya kasa sakin rai. Wani aiki ya fito a kusa, ya ƙi nema, wai kada a kira shi yana wani wuri. Gurbinsa na makaranta an ba wani. Ranar aure aka ɗaga, aka sake ɗagawa, daga baya aka daina maganarta. Kafin ya farga shekarunsa sun haura iyakar da ake gindayawa a yawancin tallan aiki. Yau yana sayar da kayan waya a bakin kasuwa, takardar tana nan cikin leda a ƙasan akwati. Ba tsuntsu, ba tarko.

Abin da muka koya daga labarinsa shi ne, shirun ya fi takunkumin cutarwa. Wanda aka ce wa babu, zai yi baƙin ciki na mako guda ya nemi wata ƙofa. Wanda aka ce wa jira, shi ne mai jiran gawon shanu. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda aka rufe ƙofar gaba aka bar taga mai suna izini na musamman, nan dillalan aiki suke kafa rumfa, suna cewa a kawo kaza a fito da fayil. Ba ƙage muke yi ba: a 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti na musamman domin binciken cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, kuma ƙasa duka ta ji abin da aka bayyana a gabansa.

Ko a ƙasashen da muke gani sun ci gaba ana sa irin wannan takunkumi. A Amurka, ranar 20 ga Janairun 2025, shugaba Donald Trump ya dakatar da ɗaukar ma'aikatan tarayya. Mutane da yawa sun rasa aikin da suka riga suka sa rai a kai, kuma ba mu yaba wannan ba. Sai dai an fitar da ƙa'ida a rubuce: wanda ya karɓi tayin aiki kafin wannan rana, kuma ranar fara aikinsa ba ta wuce 8 ga Fabrairu ba, ya je ya kama aiki, saura an janye nasu, sai in hukuma ta nemi a sabunta. Magani ne mai ɗaci, amma kowa ya san matsayinsa.

Wani zai ce, me ya shafe mu, mu da muke cikin aiki? Ya shafe mu ta hanya biyu. Ta farko, takunkumi ba ya hana ritaya, ba ya hana mutuwa, ba ya kuma hana haihuwa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Kowannenmu ya san adadin da ke cikin rajistarsa, ya kuma san ranar da ya haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya saboda babu mai shiga ɗayan. Duk gurbin da aka bari, a wuyanmu yake sauka. Ta biyu, waɗannan matasa ƙannenmu ne da 'ya'yanmu. Idan yaro ya ga yayansa mai digiri yana zaune da takarda a akwati, da wane baki za mu ce masa ya bar gonar albasa ya zo aji?

Saboda haka muna roƙon wannan reshe ya ɗauki abubuwa huɗu zuwa uwar ƙungiya ta jiha. Na ɗaya, duk gwamnatin da za ta sa takunkumi, ta faɗi ranar farawa da ranar sake dubawa, ta kuma cika wa duk mai riƙe da takarda alkawari, domin alkawari kaya ne. Na biyu, wanda ba za a iya ɗauka ba a rubuta masa cikin wata uku, a sa shi a sahun gaba ranar da aka buɗe, kuma kada a ƙirga masa shekarun jira. Na uku, a sa koyarwa cikin ayyukan da takunkumi ba ya taɓawa, kamar tsaro da lafiya. Na huɗu, reshe ya buɗe rajistar masu irin wannan takarda a ƙananan hukumominmu uku, domin idan za mu yi magana mu yi ta da sunaye da kwanan wata. Muna da abin da wasu jihohi ba su da shi: gwamnanmu, Kwamared Nasir Idris, Kauran Gwandu, tsohon shugaban NUT ne na ƙasa. Ba sai an yi masa fassarar wannan kuka ba, amma sai mun kai shi a rubuce.

Ga iyalanmu kuma, shawara ɗaya: kada ɗanku ya ajiye aikin da ke hannunsa sai ya ga lambar fayil da takardar turawa wurin aiki. Ku adana kwafin kowace takarda. Kada ku sayar da gona ko tunkiya ku ba dillali.

Allah Ya buɗa wa masu jira, Ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari, Ya mai da kowa gidansa lafiya.