Bishiyar Dutse da Tarbiyyar Muridi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a Suratu Ibrahim, aya ta 24, Allah Ya buga misalin kyakkyawar kalma da kyakkyawar bishiya. Malaman tafsiri da yawa sun fassara kalmar da kalmar shahada, bishiyar kuma da dabino. Bishiya kuwa ta samu gurbi babba a adon masallatai, inda ake guje wa surar mutum da ta dabba.

Daga cikin mafi shaharar irin wannan ado akwai na Masallacin Sidi Sayyid da ke birnin Ahmadabad, a jihar Gujarat ta ƙasar Indiya. Sidi Sayyid, wanda asalinsa Bahabashe ne, shi ya gina shi a tsakanin 1572 da 1573, daidai lokacin da daular sarakunan Gujarat take faɗawa hannun Sarki Akbar. A bangon alƙibla akwai tagogi biyu na dutse da aka sassaƙa surar bishiya a jikinsu, rassanta suna nannaɗe da juna kamar saƙa.

Abin lura shi ne, masassaƙin bai ɗora wa dutsen komai ba. Ragewa ya yi ta yi da kurfi, sai bishiya ta bayyana, haske kuma ya samu hanyar shiga masallaci. Haka tarbiyya take a wurin ma'abota tasawwufi: takhalli, wato kwashe hassada da riya da girman kai daga zuciya, shi ke gabatar tahalli, wato ado da kyawawan ɗabi'u, sannan tajalli ya biyo. Muridin da ya yawaita wuridi alhali bai yarda an rage masa komai ba, bango ne toshe, haske yana bayansa.

Sannan a irin wannan taga, babu reshen da yake tsaye shi kaɗai. Duk wanda kurfi ya raba da ɗan'uwansa, faɗuwa zai yi. Wannan ishara ce ga silsila da zumuncin ikhwani: wanda ya yanke daga shehinsa ko ya ƙaurace wa 'yan'uwansa, ba shi da abin da zai riƙe shi.

Allah Ya tsarkake zukata, Ya dawwamar da zumunci, Ya maimaita wannan taro da alheri. Amin.