Saƙar Hula da Suwaita: Jawabin Sashen Masu Saƙa a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Uwar ƙungiya, shugaba da sauran shugabanni, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka daure suka zo, barkanmu da ganin wannan rana. An ba mu, mu masu saƙa, 'yan mintoci mu faɗi inda muka kwana, to ga abin da muke tafe da shi.

Kowa a nan ya san hunturu. Daga wajen ƙarshen Nuwamba iskar hamada take fara kaɗowa daga arewa maso gabas, ta yi tsanani a Disamba da Janairu. 'Yan uwanmu na Jos, da garinsu ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sun fi mu sanin labarin. Babba zai ja bargo ya ji ɗumi. Jariri fa? Kansa babba ne in aka gwada da jikinsa, ba shi da kitse sosai, don haka zafin jikinsa saurin fita yake yi. Ma'aikatan lafiya suna so zafin jikin jariri ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salsiyos. In ya sauka ƙasa da haka akwai haɗari, musamman ga bakwaini da wanda bai kai kilo 2.5 ba. Shi ya sa ake cewa a manna shi a ƙirjin uwa, a rufa shi, a sa masa hula da safa. Kun ga ashe 'yar hular nan da muke saƙawa muna hira tana da babban aiki.

To tunda aikin babba ne, sai a yi shi da kyau. Kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 35 in aka zagaya shi da tef. Kafin a fara hula ko suwaita, a saƙa ɗan ƙyalle mai faɗin santimita 10, a gwada, domin hannun wata ya fi na wata tsauri, ko da zare ɗaya da kwarashi ɗaya suka riƙe. A sayi zaren da zai isa aikin gaba ɗaya a lokaci guda. In ya ƙare a tsakiya aka koma kasuwa, sau da yawa rinin ba ya zuwa daidai, sai a ga hannun riga daban, jiki daban. Kayan jarirai kuma, don Allah, ban da doguwar igiya a wuya, ban da duwatsun ado da ƙananan maɓallai, komai baki suke kai shi.

Ga wata magana da muke roƙon iyaye su riƙe. Yawancin zaren da muke kira ulu a kasuwa na roba ne. In wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata. A lokacin sanyi kuwa ake kunna garwashi a kasko. Yaron da ke sanye da suwaita kada a bar shi kusa da kasko ko murhu. In rana ta yi, ko ɗaki ya yi ɗumi har yaro ya fara gumi, a cire masa hular. Wajen wanki, ruwan sanyi da sabulu kaɗan, kada a murɗe, a shimfiɗa a inuwa. In aka rataye a igiya, nauyin ruwa zai ja rigar ta saki.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damunmu. Dilolin gwanjo suna shigowa da rigunan sanyi masu arha, ba za mu iya karya farashi mu kamo su ba. Abin da muke da shi shi ne awo daidai jikin yaro, kalar da uwa ta zaɓa, da saƙar da ƙani zai gada bayan wa. Amma da yawa cikinmu kuɗin zare kawai suke lissafawa, su manta da kwanakin da suka yi suna aiki. Yaya, in suwaita ta ci miki mako guda, wannan makon ma kuɗi ne. Rubuta kuɗin zare, kuɗin mota, da ladan hannunki, sannan ki faɗi farashi ba tare da jin kunya ba.

Kyauta kuwa ba mu hana ba, mu ma muna yi. Set ɗin hula da safa da riga da aka kai gidan suna ya fi daɗewa a ran mai jego. Sai dai kyauta ita ce wadda mutum ya yi niyya da kansa. 'Yan uwa da mazaje, in kun sa aiki, ku biya, ko aƙalla ku sayo zaren. Kuma kada mai saƙa ta manta da kanta. Mun ga waɗanda suka tufatar da unguwa guda, su kuma suna fita asuba da mayafi kawai.

Abu uku muke nema daga ƙungiya. Na farko, a ware mana wani abu daga asusu mu sayi zare a sari tun cikin damina, mu biya bayan hunturu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a ba mu ɗakin taro rana ɗaya a mako mu koya wa 'yan mata saƙar kwarashi da ta kibiya. Na uku, duk mai iyawa ta saƙa hula ɗaya ta bakwaini kafin Nuwamba. Za mu fara tambayar ma'aikatan jinya girman da suke buƙata, sannan mu wanke mu kai ɗakin haihuwa da sunan ƙungiya. Wadda ba ta iya saƙa ba, dunƙulen zare ɗaya ya wadatar.

Takardar rubuta suna tana wajen sakatariya. Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya maimaita mana.